Tarihin majami'ar Katolika a Nijar da zaman mabiyanta



Da yawa daga cikinmu muna da maƙwabci Kirista. Wani malamin lakwal ne, wani makaniki ne, wata ungozoma ce a gidan likita. Ranar Lahadi da safe mukan ga ya yi wanka, ya sa tufafi masu kyau, ya kama hannun ƴaƴansa, sun nufi majami'a. Me suke yi a can? Yaushe addininsu ya shigo ƙasarmu? Yau za mu ba da tarihin Kiristocin da ake kira Katolika, mu kuma faɗi yadda suke ibada da yadda suke zama tsakaninsu.

Mu fara da bayani ɗaya. Kiristoci ba ƙungiya ɗaya ba ne. Akwai Katolika, waɗanda babban shugabansu shi ne Paparoma, mai zama a birnin Roma, ƙasar Italiya. Akwai kuma Furotesta, kamar ƴan mishan na SIM da suka sauka Damagaram a 1924, suka gina asibitin Galmi daga baya. Maganarmu ta yau a kan Katolika take.

Matafiyan farko

Tun kafin zuwan sojan Faransa, wasu limaman Katolika sun taka ƙasarmu. A shekara ta 1710, mutum biyu na ƙungiyar Faransiskan suka taso daga Tarabulus. Babbansu sunansa Carlo Maria, mutumin birnin Jenowa. Sun ji labarin wai akwai Kiristoci a kudancin hamada, suka fito nemansu. Suka bi hanyar ayari ta Murzuk, suka iso Agadas. Daga nan suka zarce Katsina. Can ciwo ya kama su, suka mutu a 1711. Ba su gina majami'a ba, ba su bar mabiya ba. Aka yi shekara fiye da 200 kafin a kafa majami'ar Katolika a ƙasar nan.

Mishan na Yamai

A 1926 Turawan mulki suka ɗauke babban birni daga Damagaram suka mai da shi Yamai. Ma'aikata suka yi ta zuwa: akawu, kafinta, magini, direba, mai dafa abinci. Da yawansu daga Dahome da Togo da Hot Bolta suka fito, wato Benin da Togo da Burkina Faso na yanzu. Cikinsu akwai Katolika. Suna da addini, amma ba su da limami. Ba mai yi wa ƴaƴansu baftisma, ba mai ɗaura musu aure, ba mai yi wa mamatansu addu'a.

A 1931 wani firist Bafaranshe, François Faroud, ya kafa mishan na farko a Yamai. Shi ɗan wata ƙungiya ce ta birnin Liyon mai aikin mishan a Afirka. Firist shi ne limamin Katolika. A Nijar mutane sukan ce masa mon-per, a Najeriya kuma fada.

Ranar 28 ga watan Afrilu 1942, Roma ta mai da Yamai yanki mai shugaban kansa, aka ba Faroud riƙonsa. Yankin yana da faɗi ƙwarai, don ya haɗa har da arewacin Dahome da ƙasar Fada Ngurma. A 1948 aka cire Paraku, aka danƙa Nijar ga wata ƙungiya da ake kira Redamtoris. A 1959 aka cire Fada Ngurma.

Cikin shekarun 1940 da 1950 aka buɗe mishan a wasu garuruwa, kamar Damagaram, Dogon Dutsi, Maraɗi da Dolbel. Labarin Dolbel, a yammacin ƙasa, dabam yake. Can wani tsohon soja ne, Antoine Douramane, ya karɓi addinin sa'ad da yake aikin soja. Da ya komo gida ya koya wa danginsa, sannan suka nemi a aiko musu firist. A ƙasar Gurmawa ta wajen Makalondi ma ƴan ƙasa da dama sun shiga. Amma a manyan garuruwan Hausa, yawancin masu zuwa majami'a baƙi ne ma'aikata da ƴaƴansu da jikokinsu. Da yawa cikin jikokin nan a nan aka haife su, Hausa suke ji, ba su san wata ƙasa ba sai Nijar.

Bayan mulkin kai

Nijar ta samu mulkin kai ranar 3 ga watan Agusta 1960. A watan Maris 1961 Yamai ta samu bishof nata na farko, Hippolyte Berlier. Bishof shi ne shugaban firistoci na yanki guda. Berlier ya riƙe aikin har 1984.

A zamaninsa aka yi wani babban canji. Daga 1962 zuwa 1965 bishof-bishof na duniya suka yi taro a Roma, wanda ake kira taron Batikan na biyu. Kafin taron nan, da harshen Latin ake yin babbar sujada a yawancin majami'un Katolika na duniya. Firist yana juya wa jama'a baya, yana karatu da harshen da manomi ba ya ji. Taron ya yarda a yi ibada da harshen mutane. Daga nan aka fara jin karatu da waƙa da Faransanci, da Hausa, da Zabarmanci, da Gurmanci. Ganga da kalangu da ƙwarya suka shiga majami'a. Taron nan kuma, a 1965, ya fitar da takarda mai umartar Katolika su girmama Musulmi, su manta da tsohuwar gaba, su yi aiki tare don zaman lafiya.

Bayan Berlier sai Guy Romano, sai Michel Cartatéguy a 2003. Ranar 13 ga watan Maris 2001 aka raba ƙasa biyu. Yamai ta riƙe Dosso da Tilaberi. Maraɗi ta samu bishof nata, Ambroise Ouédraogo, mutumin Burkina Faso, aka ba shi Maraɗi, Damagaram, Tawa, Agadas da Difa. A 2014 aka naɗa Laurent Lompo babban bishof na Yamai. Shi ne ɗan Nijar na farko da ya hau wannan kujera, shekara 83 bayan zuwan Faroud.

Ranar Lahadi

Ƙasar bishof an raba ta yanki-yanki. Kowane yanki da majami'arsa da firist nasa. Da Faransanci ana kiran yankin paruwas. Babbar majami'ar Yamai da ta Maraɗi sunan Maryamu uwar Yesu suke ɗauke da shi.

Babbar sujadar Katolika ana kiranta Mes. Wajibi ne ga kowane baligi ya halarta ranar Lahadi, sai mai uzuri. Dalilin zaɓen Lahadi shi ne, bisa bangaskiyarsu, a ranar ce Yesu ya tashi daga matattu. Sujadar kashi biyu ce.

Kashi na farko karatu ne. Jama'a suna fara neman gafarar zunubi. Sai a karanta wani yanki na Attaura ko na littattafan annabawa, a rera Zabura, a karanta wasiƙar manzanni. Sannan kowa ya miƙe tsaye a karanta Linjila. Firist ya yi wa'azi. Jama'a su faɗi abin da suka gaskata, su yi addu'a don marasa lafiya, da shugabannin ƙasa, da damina mai albarka.

Kashi na biyu shi ne Jibin Ubangiji. Ana tara baiko, kowa ya sa abin da ya samu. A ƙauye bayan girbi wani yakan kawo damin hatsi, wani kaza. Firist ya ɗauki gurasa da ruwan inabi ya yi addu'a a kansu. Katolika sun gaskata cewa bayan addu'ar nan gurasar da inabin sun zama jikin Yesu da jininsa. Mutane su gaisa da juna don alamar salama, sannan su zo a jere su karɓa. Ba kowa ke karɓa ba, sai wanda aka yi wa baftisma, aka kuma shirya shi. Baƙo yana iya shiga ya zauna ya saurara, amma ba ya karɓar gurasar.

Kafin a watse ana yin sanarwa: wane ya rasu, wance ta haihu, za a ɗaura auren su wane. Da an fito, farfajiyar majami'a takan cika da gaishe-gaishe. Nan baƙon da ya sauka garin yake samun ƴan ƙasarsu, ya samu masauki, wani lokaci har da aiki.

Firistoci ba su da yawa, ƙasa kuwa tana da faɗi. Akwai ƙauyen da yakan yi makonni bai ga firist ba. A irin wannan wuri katekis ne ke riƙe jama'a. Katekis ba firist ba ne. Mutumin gari ne mai mata da ƴaƴa da gona, wanda aka ba horo. Shi ke tara mutane ran Lahadi, ya yi karatu, ya koyar da yara, ya raka gawa. Amma ba shi da ikon yin addu'ar gurasa da inabi.

Sakramenti bakwai

Katolika suna da ayyukan ibada guda 7 da suke kira sakramenti. Suna bin mutum daga haihuwa har mutuwa.

Na 1, baftisma. Ana zuba wa mutum ruwa a kai, ya zama ɗan ikilisiya. Ɗan Kirista tun yana jariri ake yi masa. Babban mutum kuwa ba a yi masa da gaggawa. Sai ya yi shekaru yana koyo, sau da yawa uku ko fiye, a ga halinsa, a tabbata ba tilas aka yi masa ba.

Na 2, ƙarfafawa. Yawanci bishof ne ke ɗora wa mutum hannu ya shafa masa mai a goshi.

Na 3, Jibin Ubangiji, wanda muka riga muka faɗa.

Na 4, furta zunubi. Mutum ya keɓe da firist ya faɗi laifinsa, ya tuba. An hana firist faɗin abin da ya ji ga kowa, ko alƙali, ko da za a kashe shi.

Na 5, shafa mai ga mai ciwo mai tsanani ko tsoho, tare da addu'a.

Na 6, naɗin firist. Karatunsa yana ɗaukar shekaru da yawa, kuma firist ba ya aure.

Na 7, aure. Miji ɗaya, mata ɗaya, kuma babu saki. Ana tambayar ango da amarya a gaban shaidu ko sun yarda. In ɗaya ya ce a'a, babu aure.

Shekararsu ma da lokutanta. Ranar 25 ga watan Disamba ake bikin haihuwar Yesu, wato Nowel ko Kirsimati. Akwai azumi na kwana 40, mai farawa ranar wata Laraba da ake shafa toka a goshi. Azumin ba irin na Ramadan ba ne: rage cin abinci ake yi, a bar nama ranar Juma'a, a ƙara sadaka. Bayansa sai Paska, babban idinsu, wanda ke faɗuwa tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A daren Paska ake yi wa manya baftisma.

Zaman jama'a

Aikin paruwas ba ya ƙarewa ran Lahadi. Akwai ƙungiyar mata, da ta matasa, da ta mawaƙa. A unguwanni, gidaje kaɗan-kaɗan suna haɗuwa cikin mako a gidan ɗayansu. Su yi addu'a, su duba wa ke kwance, wa ya rasa aiki, su yi karo-karo.

Akwai kuma mata da suka bar aure suka ba da ransu ga aikin addini. Su ne suka riƙe yawancin lakwal da ɗakunan shan magani na mishan. Kolejin Mariyama ta Yamai tana cikin sanannun makarantunsu. Yawancin yaran da ke karatu a lakwal ɗin mishan ƴaƴan Musulmi ne, haka ma masu zuwa karɓar magani. A yunwar 1973 da 1974, da ta 1984, ƴan mishan sun shiga aikin rabon abinci da haƙar rijiyoyi. Ƙungiyar agajinsu ana kiranta Karitas.

Ranakun baƙin ciki

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci duka ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba a Nijar. Shekaru da yawa an zauna lafiya. Amma ranar 16 ga watan Janairu 2015 a Damagaram, da kashegari a Yamai, zanga-zanga ta tashi saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Fushin ya faɗa kan waɗanda ba su zana ba, ba su buga ba. Mutum 10 suka mutu a garuruwan biyu. A Yamai kaɗai hukuma ta ƙirga majami'u 45 da aka sa wa wuta, na Katolika da na Furotesta. A Damagaram Kiristoci ɗaruruwa suka fake a barikin soja. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana 3.

A ranakun nan akwai Musulmi da suka buɗe ƙofarsu suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci. Shugabannin Katolika kuma suka roƙi mabiyansu kada su rama. Daga baya aka sake gina majami'u, sujada ta ci gaba.

A watan Satumba 2018 ƴan bindiga suka sace wani firist ɗan Italiya, Pier Luigi Maccalli, a ƙauyen Bomowanga, wajen Makalondi. Sai a watan Oktoba 2020 aka sake shi a ƙasar Mali. Rashin tsaro a yankin ya sa Kiristoci da Musulmi da yawa barin ƙauyukansu.

Jama'a, tarihin ke nan, daga 1931 zuwa yau. Maƙwabcin da muke gani ran Lahadi, addu'a yake zuwa yi, kuma cikin addu'arsa har da roƙon ruwan sama da zaman lafiyar ƙasar da muke ciki tare. Kowa da addininsa, amma rijiya ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci.

Ga tambayoyi uku da za ku tattauna a kansu:

1. A wace shekara aka kafa mishan na farko a Yamai, kuma su wa suka fara cika majami'ar?

2. Mene ne bambancin firist da katekis?

3. In fitina ta tashi a garinku, me ya kamata mai unguwa da malamai da iyaye su yi don kare maƙwabci?

Sai wani mako, in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.