Yajin Aikin Masu Kula da Zaurukan Reddit, 2015 da 2023

A wannan maƙala muna kwatanta bore biyu da 'yan sa kai masu kula da zaurukan Reddit suka yi wa hukumar kamfanin. A Yulin 2015 sun kulle zauruka saboda korar wata ma'aikaciya, kafin kwana goma shugabar kamfanin, Ellen Pao, ta yi murabus. Ranar 12 ga Yuni 2023 kuwa, zauruka fiye da 7,000 suka kulle, domin kuɗin da aka ɗora wa manhajoji irin su Apollo. Amma da yake kwana biyu suka ƙayyade wa yajin, sai hukuma ta jira, sa'an nan ta tuɓe waɗansu da suka turje. A ganinmu, darasin shi ne: mai tsaron ƙofa ba shi ne mai gida ba.