Mai Babbar Ƙwarya Ba Ta Samun Liƙi

Yau hirar tamu ta kiɗa ce, amma kada wata ta yi saurin juya shafi tana cewa me ya haɗa ta da makaɗa. Ki yi haƙuri ki biyo ni, kafin mu kai ƙarshe za ki ga inda zancen ya shafe ki.

Ni a Dangora na tashi, a ƙasar Ƙiru, daidai inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da titin Kano zuwa Zariya. Ina da wata goggo, ƙanwar mahaifina, Allah Ya jiƙanta, wadda duk gidan da ake biki ko suna a unguwarmu sai an aika an kira ta. Ba zabiya ba ce, ba ta cikin 'yan amshi. Ita dai aikinta babbar ƙwarya. Idan mata suka kife ƙananan ƙorai a tsakar gida, ita sai a kawo mata daro cike da ruwa, ta kife ƙaton masaki a kai, ta zauna can baya. Ƙananan suna ƙas-ƙas-ƙas, nata kuwa sai dai ki ji dum, dum, kamar daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa.

Abin da ke ba ni haushi ina yarinya shi ne, zabiya ake yi wa liƙi, ita ake yi wa guɗa, Goggo kuwa ta tashi da jiƙaƙƙen zani da ɗan abin da aka raba mata. Ran nan na ce mata, "Goggo, ke me ya sa ba kya karɓar waƙar ne, ke ma a yi miki liƙi?" Sai ta yi dariya ta ce, "Ke dai zuba ido gobe." Washegari ana tsakiyar rawa, fili ya ɗauki zafi, sai kawai ta ɗage hannunta. Wallahi 'yar uwa, ko minti ɗaya ba a yi ba rawa ta wargaje. Masu taka ƙafa suka rasa inda za su sa ta, zabiya ta waiwayo tana harara. Goggo ta dube ni, ta mai da hannu, nan take kowa ya koma kan layi.

Da na isa talla, nakan kai gyaɗa bakin kwana inda motoci ke tsayawa. Akwai wani mai sayar da kaset da ke da ƙatuwar lasifika, yana sa kiɗan Kwango da na Jamaika. Ban jin ko kalma ɗaya, amma can ƙarƙashin kiɗan akwai wani amo mai kauri da ke dukan ƙirjina. Na ce a raina, ai wannan ƙwaryar Goggo ce! Yayana ya ce mini ba ƙwarya ba ce, wata irin jita ce da ake kira bas. Tun daga ranar tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: me ke sa mutum ya bar abin kiɗan da ake tafa wa, ya ɗauki wanda ke zama a baya?

Bari in ɗan ba ki tarihinta. Kafin a ƙera ta, Turawa suna da wani ƙaton abin kiɗa mai kama da goge, tsayinsa ya kai na mutum, a tsaye ake kaɗa shi. Ga wahalar ɗauka, ga shi idan ganguna da ƙahoni suka tashi sai su danne muryarsa. A shekarun 1930 wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc ya ƙera ƙarama mai aiki da lantarki, amma ba ta yi kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender na jihar Kalifoniya ya fito da tasa mai tsirkiya huɗu, wadda ake ratayawa a kafaɗa a jona ta da lasifika. Daga nan ta bazu duniya.

To da na bi labarin waɗanda suka yi suna da ita, sai na tarar da yawansu ba su tashi da burinta ba. Gurbi ne ya samu, suka cike. Akwai wata mata a Amurka, Carol Kaye, an haife ta a 1935, jita ta yau da kullum take kaɗawa. A 1963 aka taru za a ɗauki waƙa a birnin Los Anjalas, mai bas bai zo ba, aka miƙa mata. Daga wannan rana hannunta ya shiga dubban waƙoƙi, mutane suna ta rawa da kiɗanta alhali galibi ko sunanta ba a rubutawa a jikin faifan. Haka Paul McCartney na ƙungiyar Beatles ta Ingila, wanda har Legas ya zo ɗaukar faifai a 1973. A 1961 mai kaɗa musu bas ya bar su ya koma zanen hoto, sauran abokan kowa ya noƙe, shi ya ɗauka. Kin ga ke nan, abin da wani ya raina, shi wani ya ɗauka ya ci abinci da shi.

Mu dawo gida. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce ta gado, ɗan makaɗi shi ke zama makaɗi, wanda kuma ya shiga ba tare da ya gada ba sai a ce haye ya yi. Ɗan Maraya Jos, da ya rasu a 2015, ɗan makaɗin fada ne, ya yi suna da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak. Mamman Shata kuwa, da ya rasu a 1999, haye ya yi, mahaifinsa bai so ba, amma abin ya fi ƙarfinsa. Jitar zamani ta shigo mana ne ta hannun irin su Bala Miller, ɗan asalin Zariya, wanda ya haɗa ƙungiya da kayan kiɗan Turawa yana waƙa da Hausa, har ya rasu a 2003. Sai dai ba ta yi saiwa sosai a Kano ba. An yi fim ɗin Turmin Danya a 1990, kafin shekaru goma su cika fiyanon Yamaha ya mamaye waƙoƙin finafinai. Yaro ɗaya ya zauna ya danna, ga ganga, ga sarewa, ga bas ɗin duk a cikin akwati guda. Daga baya ma kwamfuta ta karɓi aikin.

Mu mata kuwa, tun kafin Fender ya san zai ƙera wani abu muna da namu. Ba a makaranta muke koya ba, a bakin turmi muke farawa. Duk wadda ta taɓa yin lugude ta san dole a sami mai riƙe dakan, tana saukar da taɓarya daidai ba sauri ba nawa, sannan sauran su sami damar yin salo. Daga turmi sai shantu, daga shantu sai ƙwarya. Da wannan ƙwaryar Uwaliya Mai Amada ta yi zamaninta a Kano. Da ita Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta ƙasar Funtuwa ta zaga ƙasar nan tana zuga mata su kama sana'a, har Allah Ya karɓi abinsa a 2013. Amma ki tara mata goma ki tambaye su sunan Barmani, duk sun sani. Ki ce su faɗi sunan mai buga mata babbar ƙwarya, sai kallon-kallo.

Ko a maƙwabtanmu Nijar abin haka yake. A ƙauyen Illighadad na jihar Tawa an yi wata yarinya Buzuwa, Fatou Seidi Ghali, wadda ta koya wa kanta jita da ta yayanta. Ita da 'yan uwanta mata suka kafa ƙungiya a 2016, suka je Turai da Amurka. Abin da ya burge ni, da suka tashi tafiya ba su bar ƙwaryar ruwa a gida ba. Jita na kuka a sama, ƙwarya na riƙe da ita a ƙasa, kamar dai a tsakar gidanmu.

Da na haɗa waɗannan labarai sai na gane amsar tambayata. Wani kunnensa ne ya ja shi, ya ji amon ya shiga jikinsa kamar yadda ya shige ni a bakin kwana. Wani larura ce, babu mai yi sai shi. Amma abin da ke sa mutum ya daɗe a kai, hali ne. Sai mai haƙuri, mai sauraron na kusa da shi, wanda daɗinsa shi ne ya ga abu ya tafi daidai ko da ba a ambaci sunansa ba. Mai son a gani ba ya jure wa babbar ƙwarya.

Uwargida, ashe ba ke ce wannan ba? Ke ce mai tashi tun asuba, ki hura wuta, ki shirya yara, ki yi dabara cefanen kwana biyu ya kai uku. Baƙo ya zo ya yaba wa maigida, ya ce gidansa akwai tsari. Ba a sanin aikinki sai ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, a nemi ko ashana a rasa. Ba ina zuga ki ki ɗage hannu irin na Goggo ba ne, a'a, ita ma sau ɗaya ta yi don ta koya mini karatu. Ina so ne ki san darajar abin da kike yi, kada ki raina kanki don ba a yi miki guɗa ba. Ku kuma 'yan mata, kada ku ɗauka sai wadda ke tsakiyar fili ce mace.

Yau Goggo ba ta duniya. Masakinta yana ɗakina, gero nake zubawa a ciki. Bikin da na je na ƙarshe a garinmu, wani yaro aka ɗauko da kwamfuta da manyan lasifikoki, amon yana girgiza bango, amma babu hannun kowa a ciki. Na tsaya ina kallon 'yan mata suna rawa, na san a cikinsu da wuya a sami wadda ta iya kife ƙwarya a ruwa. Laifinmu ne iyaye, mu da muka gani ba mu nuna musu ba.

Roƙona gare ki ɗaya ne. In kin je biki na gaba, bayan kin yi wa amarya da ƙawayenta liƙi, ki zaga bayan gida wajen murhu. Za ki tarar da wata baiwar Allah tana tuƙa tuwon mutum ɗari, hayaƙi ya cika mata ido. Ki gaishe ta da aiki, ki kira sunanta, ki damƙa mata ɗan abin da ya rage a jakarki.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu haƙurin zama da juna, Ya saka wa kowace mai ɗawainiya da alheri. Wassalam.