Yadda Tsaron Kayan Tarihi Ya Zama Aikin Soja

Sunan Kafin Hausa kansa sunan tsaro ne. Kafi shi ne shingen da mutanen da can suke kewaye gari da shi saboda mahara, kuma a ƙasar Hadejia, inda aka sha fafatawa tun zamanin Sarki Buhari, wanda ya kwana a bayan shinge ya kwana da ido ɗaya. Hadejia ita ce mai babbar ganuwa da ƙofofi. A ƙarshen Afrilun 1906 rundunar Turawa ƙarƙashin Kanar Lowry Cole ta shiga garin da igwa da bindiga mai ruwa, aka yi ta gwabzawa lungu-lungu har fada, inda Sarki Muhammadu ya faɗi tare da ɗimbin jama'arsa. Shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada.

A cikin wannan runduna babu jami'i ko ɗaya da aikinsa shi ne ya ce: wannan soron kada a taɓa shi, waɗannan littattafai a killace su. Ba a san da irin wannan muƙami ba a lokacin. Shekara tara kafin nan, a 1897, sojojin Ingila sun kwashe dubban kayan tagulla da na hauren giwa daga fadar Benin, aka yi gwanjon wasu, suka watsu a gidajen tarihi na Turai da Amurka. Ganima ce a idonsu, kuma sai a 2022 Jamus ta fara maido da nata kason.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, doka tana nan a rubuce tun kafin a doshi Hadejia. A 1863, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, Shugaba Lincoln ya ba dakarunsa ƙa'idojin da Francis Lieber ya tsara, waɗanda suka ce a kiyaye ɗakunan karatu da kayan fasaha gwargwadon iko. Yarjejeniyar birnin Hague ta 1899, da wadda ta biyo ta a 1907, sun hana ganima da lalata gine-ginen ibada da na ilimi. Amma ƙasashen da suka sa hannu kaɗai dokar ta ɗaure a tsakaninsu. Sarkin Hadejia da Oban Benin ba su cikin lissafi. Mu kuwa muna da namu tushen da ya girmi waɗannan duka: wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana rushe gine-gine da sare itatuwa masu 'ya'ya, ya kuma ce a ƙyale masu ibada a ɗakunan ibadarsu.

Sai da wuta ta kama gemun Turai sannan aka shafa wa batun ruwa. A 1943, da yaƙin duniya na biyu ya isa Italiya, ƙasar da kowane lungu yake da coci mai shekaru ɗaruruwa, Amurka da Ingila suka kafa sashe na musamman a cikin rundunarsu, suka ɗebo malaman jami'a da magina da ma'aikatan gidajen tarihi, suka sa musu kaki. Su ne ake wa laƙabi da Monuments Men, kodayake akwai mata a cikinsu, kuma duka-duka ba su kai mutum 400 ba. A watan Disamba na shekarar Janar Eisenhower ya aika wa kwamandojinsa umarni su mutunta wuraren tarihi iyakar yadda yaƙi ya bari. Wannan "iyakar yadda yaƙi ya bari" babbar ƙofa ce, domin wata biyu kacal bayan nan jiragen ƙawancen suka mai da tsohon gidan ibada na Monte Cassino kufai. Duk da haka sun yi abin a yaba. Suna ba matuƙa jirage taswirar wuraren da za a kauce wa, suna bin sawun mayaƙa suna tokare bangon da ya tsage, kuma a 1945 suka tarar da dubban zane-zanen da 'yan Nazi suka sace a ɓoye cikin ramin haƙar gishiri na Altaussee a Ostiriya.

Daga wannan darasi aka haifi yarjejeniyar Hague ta 14 ga Mayu 1954, wadda ta keɓanta ga kayan al'adu kaɗai. Ita ta kawo alamar garkuwa mai launin shuɗi da fari da ake maƙalawa a gini don soja ya gane shi. Sashe na 7 ya ɗora wa kowace ƙasa nauyin tanadar ƙwararru a cikin sojojinta tun ana zaman lafiya. Nijeriya ta shiga a 1961. Ingila, wadda ta fi kowa tara kayan mutane, sai a 2017 ta amince.

Sa hannu bai hana ɓarna ba. A yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970 aka ragargaza gidan tarihi na Oron, kuma yawancin sassaƙen kakanni da ake kira ekpu, waɗanda Kenneth Murray ya sha wahalar tattarawa, suka salwanta. A Afrilun 2003 aka wawashe gidan tarihin Bagadaza alhali sojojin Amurka na cikin birnin. A 2014 'yan Boko Haram suka kai farmaki Sukur ta jihar Adamawa, wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin kayan gadon duniya a 1999.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na Tumbuktu. A 2012 masu ɗauke da makamai suka rushe hubbaren waliyyai da diga da gatari, kuma a Janairun 2013, za su gudu, suka cinna wa wasu rubuce-rubucen Cibiyar Ahmad Baba wuta. Amma mafi yawan littattafan garin sun riga sun fice. Iyalan da suka gaje su, da jagorancin Abdulƙadir Haidara, sun zuba su a akwatunan ƙarfe, an bi da su ta mota da kwalekwale a kan kogin Neja har Bamako. Babu soja a cikin wannan aiki. Daga baya ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa kare wuraren tarihi cikin aikin rundunarta ta MINUSMA, kotun duniya ta ICC kuma ta ɗaure Ahmad al-Faƙi al-Mahdi shekara tara a 2016 saboda rushe hubbaren.

Kayan tarihinmu na ƙasar Hadejia irin na Tumbuktu ne. Ka shiga zauren malami a Hadejia ko Auyo ko Kafin Hausa, idan ya yarda da kai zai ɗauko gafaka daga saman gado, ya kwance igiyar fata, ya zaro warƙoƙi marasa ɗinki, baƙar tawada a tsakiya, ja a kan wasulla, gefe cike da ƙananan bayanan da kakansa ya rubuta da ajami. Gara ta ci kusurwa ɗaya, ɗigon damina ya bar tabo a wata. Ba a taɓa ɗaukar hotonsu ba, ba sa cikin rajistar kowa. Ganuwa kuma ƙasa ce: ruwan sama na zaizayar ta, masu gini na ɗiba, ambaliya irin ta 2020 da 2022 na ƙarasa abin da ya rage.

Jami'in soja mai wannan aiki da jeri yake aiki, wato takardar da ta ce ga abu kaza a wuri kaza. Monuments Men sun shiga Italiya da jerinsu a aljihu, domin malamai sun riga sun zauna sun rubuta. A Jigawa, zanen duwatsun Birnin Kudu yana cikin rajistar Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. Abin da ke cikin gafakar malamin nan kuwa, shi da ɗansa na fari kaɗai suka san adadin warƙoƙinsa.