Daga Kunun Kanwa zuwa Ƙwayar Kemis: Tarihin Abin Ƙarin Ƙarfi ga Mata a Arewacin Zazzau

Tun zamanin kakanni, mutanen Ikara da Makarfi da Kudan ba su taɓa ƙyale mace ta fita daga haihuwa ko jinya ba tare da sun tanadar mata wani abin da zai mayar mata da ƙarfinta ba, kuma mafi shahara cikin wannan tanadi shi ne kunun kanwa, wanda fatake ke kawo kanwarsa daga wajen Barno da ƙasar Manga. Mai jego takan yi kwana arba'in tana wanka da tafasasshen ruwa safe da yamma, tana kwana bisa gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, tana shan kunun nan gwargwadon abin da cikinta zai ɗauka, domin tsofaffi sun haƙiƙance cewa shi ke korar sanyi, ya kawo nono. Niyyarsu kuwa alheri ce tsantsa, babu mai musun haka.

Amma da asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya kafu a Zariya, sai likitoci suka lura da yawan masu jego da ake kawowa da kumburin jiki da sarƙewar numfashi. A 1978 likitoci biyu, Davidson da Parry, suka wallafa bayanin mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da lokacin haihuwa, suka kuma danganta lamarin da yawan gishirin da ke cikin kanwa tare da tsananin zafin wanka da na gado. Ashe abin da ɗan kaɗan nasa ke gyara miyar kuɓewa, idan aka yi israfi da shi sai ya zama nauyi ga zuciya.

Bayan wannan zamani sai kasuwancin magani ya sake kama. Kemis ya shiga kowane gari, daga Hunkuyi har ƙauyukan da ke bayanta, masu talla suka cika kasuwanni da lasifika, aka soma sayar wa mata ƙwayoyin bitamin da sunan ƙarin jini da gyaran fata, har ta kai wasu na haɗiyar gulutatayon don neman hasken jiki. Akasarin waɗannan suna cikin jinsin da masana ke kira antioksidan, wato sinadaran da ke kare ƙwayoyin halittar jiki daga lalacewa, kuma saboda an tabbatar cewa masu yawan cin ganye da 'ya'yan itatuwa sun fi samun lafiya, sai aka yi ƙiyasi cewa idan aka tsamo sinadaran aka dunƙule su a ƙwaya, fa'idar za ta ninka. Ƙiyasi ne mai daɗin ji, sai dai gwaji bai gaskata shi ba.

A ƙasar Faransa, daga 1994 zuwa 2002, an gudanar da wani babban bincike mai suna SU.VI.MAX a kan mutane 13,017, waɗanda 7,876 daga cikinsu mata ne. An ba rabinsu ƙwaya guda kullum mai ɗauke da bitamin C da E da beta-karotin da seleniyam da zinki, sauran kuwa aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda babu magani a cikinta. Da aka fitar da sakamakon da ya shafi fata a 2007, sai aka tarar mata 51 cikin masu shan maganin sun kamu da sankarar fata, alhali 30 ne kawai suka kamu a ɗaya ɓangaren, ba a kuma ga irin wannan ƙari ga maza ba. Bayan an daina shan ƙwayar, bambancin ya gushe cikin shekarun da suka biyo. Masu binciken sun lura cewa matan tun farko sun fi mazan wadatar wasu daga cikin waɗannan sinadarai a jininsu ta hanyar abinci, wato an yi ƙari ne a inda babu rashi.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa waɗannan mata farar fata ne, adadin masu cutar kaɗan ne, kuma wani bincike a Amurka a 2009 bai sami alaƙa tsakanin irin waɗannan ƙwayoyi da sankarar fata mai suna melanoma ba. A wajenmu sankarar fata ta fi fitowa a tafin ƙafa, ko a tsohon gyambo da tabon ƙuna, ta kuma fi tsananta ga zabiya saboda rana. Duk da haka, a ganina hujjar ta isa ta sa mai hankali ya tsaya, musamman macen da ta riga ta raunana fatarta da man bilicin.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, ƙasar nan Allah Ya wadata ta da ainihin abin da ake kwaikwaya a kwalba: tumatirin da saboda shi aka kafa masana'anta a Ikara, da tattasai da karas na fadamun Kudan, da zogale da rama da yakuwa da ke bayan kowane gida. Manomi ya sayar da kwandon tumatir da arha lokacin kaka, matarsa kuma ta sayi bitamin da tsada.

Maganin ƙarin jini da ake ba mai ciki a wurin awo daban yake, wajibi ne ta sha shi yadda aka umurce ta. Amma wadda ke lafiya lau, ina roƙonta kada ta ɗora wa kanta shan ƙwaya kullum sai da shawarar likita, kuma duk wadda ta ga baƙin tabo yana faɗaɗa a tafin ƙafarta, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ta hanzarta zuwa asibiti, ko da asibitin koyarwa da ke Shika za a tura ta.