Tukunyar da Ta Bar Hannun Mata

Hukuncin giya a shari'armu sananne ne, nassi ya zo da haramcinta a Suratul Ma'ida, malamai kuma ba su saɓa a kansa ba, saboda haka kada mai karatu ya zaci na zo ne in buɗe ƙofar da aka rufe. Abin da ya jawo ni ga wannan magana shi ne tarihin sana'a, domin tun da na fara bin diddigin sana'o'in da mata suke yi a cikin gidajensu, da yadda ake zare su daga hannunsu sannu a hankali ba tare da an yi shela ba, ban ci karo da misalin da ya fito sarari, aka kuma adana shi filla-filla a daftarin kotuna, kamar na matan Ingila masu dafa giya ba. Ibn Khaldun ma, da ya zo bayanin umrani, wato zamantakewar al'umma, a Muƙaddimarsa, sai da ya ware wa sana'o'i fasali masu yawa, don ya san cewa halin al'umma yana bayyana a cikin abin da hannuwanta suke yi.

A wajen shekara ta 1300, giyar sha'ir a Ingila tana cikin jumlar abinci, kusan a matsayin da fura da kunu suke a wurinmu. Babba yana sha, yaro yana sha, ana kai wa masu girbi a gona, a manyan gidaje kuwa galan guda a yini shi ne rabon bara. Ga shi kuma ba ta jure ajiya, bayan 'yan kwanaki sai ta yi tsami, ba ta kuma jure tafiya a kan amalanke, don haka tilas kowace unguwa ta riƙa dafa tata, mata ne kuwa suke dafawa. Mace takan jiƙa sha'ir ya kwana biyu ko uku a ruwa, ta baza shi a daɓe tana juyawa har ya yi tsiro, ta busar da shi a kan wuta marar ƙarfi, ta ɓarza, sa'an nan ta tafasa ruwa ta sauke, ta tsaya a kansa tana jira tururi ya lafa. Idan ta leƙa ta ga fuskarta a cikin ruwan, to zafinsa ya yi daidai da zuba tsiro, wannan shi ne ma'auninta, ta gaje shi kuwa daga uwarta. Idan ta tace, ruwan ya huce, sai ta zuba kumfar da ta ajiye daga dahuwar da ta gabata, ta rufe. Ranar da abin ya nuna, ta ɗebi na gidanta, sai ta kafa sanda mai ganye a bisa ƙofa, maƙwabta su san akwai na sayarwa.

Wanda ya taɓa ratsa ƙauyukan Maguzawa na ƙasar Kano da Katsina, ko garuruwan kudancin Zazzau da Filato, ya ga tsiron dawa a shanye a kan tabarma da jerin manyan tukwane a kan murhu, ba ya bukatar dogon sharhi, domin burukutu ma aikin mata ne, yana cin kusan mako guda daga jiƙo zuwa ƙwarya, ba ya kuma daɗewa bai lalace ba. Haka fito yake a arewacin Gana, haka bilbil a Kamaru da Cadi, haka marisa a Sudan.

Hukuma ba ta bar matan Ingila sakaka ba. Tun wajen 1266 aka kafa dokar burodi da giya, wadda ta ɗaure farashinsu da farashin hatsi, aka kuma naɗa a kowane gari masu ɗanɗano, waɗanda aikinsu ya yi kama da na muhtasibi a biranen Musulmi: su duba kyawun kaya, su gwada mudu, su kai sunan mai tauye awo gaban alƙali. Da tafiya ta yi nisa sai tarar ta zama kamar haraji, kusan duk wadda ta dafa sai an rubuta ta, an karɓi 'yan kwabbai. Daga waɗannan takardu ne malamar tarihi Judith Bennett, a littafinta na 1996, ta iya ƙididdige cewa a ƙauye guda mai suna Brigstock, kafin zuwan annobar ɗa'una, mata fiye da 300 sun dafa giya don sayarwa, wato kusan sulusin matan wurin. Galibinsu ba kullum suke yi ba. Mace takan dafa idan ta sami rarar hatsi, ko bukata ta taso, ta bari idan goyo ko aikin gona ya sha kanta; riba kaɗan ce, jari kaɗan ne, kayan aikin kuma su ne dai na ɗakin girki. A ganina wannan ƙanƙantar riba ita ce ta tsare musu sana'ar tsawon ƙarnoni, don ba wanda yake ƙyashin abin da bai taka kara ya karya ba.

Sai annobar ɗa'una ta sauka a 1348 da 1349, ta kwashe sulusin mutanen ƙasar ko fiye. Waɗanda suka saura suka tarar ƙwadago ya yi tsada, lada ya ƙaru, aljihun talaka ya ɗan yi nauyi, shan giya ya yawaita, aka fara buɗe gidajen sha na dindindin masu bukatar kaya kowace rana, ba sai ranar da wata ta ga dama ta kafa sanda ba. Kasuwa da ta buɗe haka tana neman mai jari, mai iya sayen hatsi da yawa tun da kaka, ya ɗauki barori, ya ci bashi, ya bayar da bashi, ya kuma tsaya gaban kotu idan an ƙi biyansa. A nan ne dokar ƙasar ta karya mata, domin a al'adar shari'ar Ingila ta wancan zamani matar aure, in ba a wasu birane da suka yi togaciya ba, ba ta ƙulla ciniki da sunanta, abin hannunta ma yana ƙarƙashin mijinta, saɓanin abin da muka sani a fiƙihu cewa dukiyar mace tata ce. Budurwa da bazawara kuwa, waɗanda suke da 'yancin ƙulla cinikin, su ne mafi ƙarancin jari. Wata mata ta garin Lynn, Margery Kempe, wadda ta bar labarin rayuwarta a rubuce, ta faɗi yadda ta shiga sana'ar da ƙarfinta shekara uku ko huɗu, har kumfa ta riƙa kwanta mata dahuwa bayan dahuwa, ta yi hasara mai yawa, barorinta suka watse. Ita kuwa 'yar babban gida ce, balle wadda ba ta da kowa.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne wani fure mai ɗaci na wata itaciya mai yaɗo, wanda Turawa suke kira hofs. Mutanen Jamus da Holan sun daɗe da gane cewa idan aka tafasa ruwan tsiro da shi, giya takan yi watanni ba ta lalace ba, ana iya ɗura ta a ganga a sa a jirgi. Wajen 1400 wannan sabuwar giya ta fara shiga Ingila tare da baƙi masu dafa ta, daga baya aka soma noman furen a yankin Kent. Abin da yake jure ajiya ana iya dafa shi da yawa, dafa shi da yawa kuma yana bukatar manyan tukwanen tagulla, da itace tuli, da rumbu, da ma'aikata, baƙin kuwa maza suke ɗauka. A 1438 ƙungiyar masu dafa giya ta Landan ta karɓi takardar izini daga sarki, shugabancinta yana hannun maza. Abin da ya fi ɓata mini rai a wannan babi shi ne, ba a tsaya ga ƙwace kasuwa ba, sai da aka haɗa da ɓata suna: mawaƙa suka mai da mai giya abar zambo, ƙazama, mai algus, har a cocin garin Ludlow akwai sassaƙen katako da ya nuna shaiɗanu sun saɓo wata mai giya za su kai ta wuta, tana riƙe da mudunta na ha'inci. Ba na shakkar akwai masu tauye awo a cikinsu, kamar yadda ake samu a kowace kasuwa, amma mazan da suka gaje su ba a sassaƙa su haka ba. Kafin 1600 sana'ar a birane ta zama ta maza.

Ragowar labarin ana iya taƙaita shi. Majalisa ta ɗora wa giya haraji a 1643 don kuɗin yaƙin basasa, aka ƙara harajin tsiro a 1697, manyan masana'antu irin na Whitbread a Landan da Guinness a Dublin, wanda ya fara a 1759, suka taso, ma'aunin zafi da ma'aunin sukari suka maye gurbin leƙen fuska a ruwa, Louis Pasteur ya bayyana aikin ƙwayoyin yisti a littafinsa na 1876, Emil Hansen kuma ya ware tsantsar irinsu a kamfanin giya na Carlsberg a 1883. Tun a 1821 marubuci William Cobbett yake kuka cewa manoman ƙauye sun daina dafawa a gida, yana ɗora laifin a kan harajin tsiro da shayi. A 1880 Firayim Minista Gladstone ya soke harajin tsiron, amma ya wajabta wa mai dafawa a gida yankar lasisi, da haka abin da kowace uwa ta iya ya zama sai da takardar hukuma. Duk wanda ya ga yadda injinan matsar mai suka rage wa matanmu cinikin man gyaɗa da ƙuliƙuli, zai gane wannan hanya ko da bai taɓa jin sunan Brigstock ba.

A watan Afrilu na 1963 ministan kuɗi Reginald Maudling ya soke wancan lasisi, nan da nan kantuna suka cika da gwangwanayen ruwan tsiro da aka riga aka dafa aka kafe, magidanta suka shiga gwadawa a ɗakunan ajiye mota, mafi yawa don kauce wa tsada. Amurka ta fi jinkiri. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta sana'ar giya a ƙasar baki ɗaya, kamfanoni suka koma sayar da ruwan tsiro da sunan kayan yin burodi, kowa kuwa ya san inda yake tafiya. Da aka janye haramcin, doka ta bar wa magidanci damar yin ruwan inabi a gida, ta yi shiru a kan giyar hatsi, shirun nan ya ɗauki shekara 45. Sai a ranar 14 ga Oktoba, 1978, Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta halatta wa baligi galan 100 a shekara, gida mai baligai biyu ko fiye galan 200, ta fara aiki a Fabrairun 1979. A ƙarshen 1978 ɗin ne Charlie Papazian da abokinsa suka kafa ƙungiyar masu dafawa a gida a garin Boulder, littafin da ya fitar a 1984 ya zama jagoran dubban masu koyo. Jihohi kuma kowace da tata doka, Alabama da Mississippi su ne na ƙarshe da suka halatta dafawa a gida, a 2013.

Sai dai wanda ya karɓi tukunyar a wannan karo, galibi namiji ne mai albashi, wanda ya zaɓi abin don sha'awa da ɗebe kewa a ranar hutu, yadda wani yake kiwon tantabaru. Aikinsa yana farawa ne a kan takarda tun kafin ya kunna wuta: ya rubuta irin da yake nufi, ya lissafa kilo nawa na tsiro zai ishi lita 19, wadda ita ce ma'aunin da suka saba, ya ƙayyade giram nawa na furen ɗaci zai zuba da farkon tafasa da nawa a ƙarshe, ya sayo yisti a cikin 'yar takarda mai lamba. Ranar dahuwa ya riƙe jiƙon a digiri 66 ko kusa da haka har sa'a guda, idonsa a kan ma'auni, ya tace, ya tafasa wata sa'ar, ya sanyaya da gaggawa zuwa wajen digiri 20, yana wanke kowane bututu da cokali da maganin kashe ƙwayoyin cuta, don ya san ɗan sakaci yana mai da aikin yini guda tsami. Ya auna kaurin ruwan ya rubuta, misali 1.050, bayan mako biyu ya sake aunawa ya tarar ya sauko wajen 1.010, daga tazarar ya san ƙarfin abin da ya samu, ya ɗura a kwalabe ya ƙara jiran mako biyu. Akwai haƙuri da tsari a cikin wannan, ban kuwa raina su ba. Wasunsu ma sun wuce nan, kamar Ken Grossman, wanda ya fara da kantin sayar da kayan dafawa a garin Chico na Kalifoniya, ya fitar da giyar kamfaninsa Sierra Nevada a 1980, ya zama ɗaya daga cikin manyan masana'antun ƙasar, wato abin da ya faru a Landan bayan annoba ya sake faruwa cikin shekaru kaɗan.

Dokar Ingila ta 1963 da ta Amurka ta 1978 sun haɗu a kan sharaɗi guda: mutum ya dafa, ya sha, ya ba baƙonsa, a Amurka har ya kai gasa a gwada, amma kada ya sayar da ko kofi ɗaya. Matar Brigstock kuwa, idan ta kafa sandarta a bisa ƙofa, kwabban da take jira su ne na gishiri da kyandir da kuɗin hayar gona, da tarar da za ta biya a zaman kotu mai zuwa.