Intanet a cikin gida: yadda ake zaɓen rauta da rumbun ajiya

A cikin watan Yunin shekara ta 2021, mutane da dama masu amfani da wani akwatin ajiyar bayanai mai suna My Book Live, na kamfanin Western Digital na Amurka, sun wayi gari sun tarar an share duk abin da ke cikinsa. Masu kutse ne suka shiga ta intanet, suka mayar da na'urorin yadda suka fito daga masana'anta.

Kamfanin ya bayyana cewa rabon da ya sabunta manhajar na'urar tun shekara ta 2015.

Wannan lamari ya nuna abin da masu saye kan manta da shi. Ba lambar saurin da aka rubuta a jikin kwali ce kaɗai abin dubawa ba. Akwai tsawon lokacin da kamfani zai ci gaba da kula da na'urar, da kuma inda mutum ya ajiye kwafi na biyu na bayanansa.

Mene ne aikin rauta?

Rauta ita ce na'urar da ke karɓar intanet daga waje, ta rarraba wa wayoyin salula da kwamfutoci da talabijin da ke cikin gida, ko dai ta waya ko kuma ta iska, wato Wi-Fi.

Tambayar farko ita ce ta wace hanya intanet ke shigowa gidan. A yawancin garuruwan Najeriya da Nijar, ta layin wayar salula ne, don haka ana buƙatar rauta mai gurbin sa katin SIM. Wajibi ne a tabbatar ko an ɗaure ta ga kamfanin sadarwa guda ne, ko kuwa tana karɓar kowane layi.

Rauta ba ta ƙara saurin da ya shigo daga waje. Idan layin gidan megabit 20 yake bayarwa a daƙiƙa, to ko wace irin rauta aka sa, ba za a samu fiye da hakan ba wajen shiga intanet.

Lambobin da ke jikin kwali

Cibiyar injiniyoyin lantarki ta IEEE ce ta fitar da ƙa'idar farko ta wannan fasaha a shekara ta 1997, da saurin megabit 2 kacal. A 1999 aka kai megabit 11 da ƙa'idar 802.11b, sannan a 2003 ƙa'idar 802.11g ta kai 54.

Saboda sunayen suna rikita jama'a, ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta sauƙaƙa su a 2018. Ƙa'idar 2009 ta zama Wi-Fi 4, ta 2013 ta zama Wi-Fi 5, sai Wi-Fi 6 da ta biyo baya. An fara tantance na'urorin Wi-Fi 7 a watan Janairun 2024.

Sai dai lambar da ake bugawa da manyan baƙaƙe a kan kwali tana iya yaudarar mai saye. Rautar da aka rubuta wa AC1200, alal misali, jimla ce aka yi ta megabit 300 a zango ɗaya da 867 a ɗaya zangon. Babu wayar da za ta samu 1200 ɗin ita kaɗai.

Zangunan da aka fi amfani da su biyu ne. Na gigahaz 2.4 ya fi nisan tafiya da ratsa bango, amma cunkoso ya yi masa yawa, domin rautocin maƙwabta da na'urorin Bluetooth duk a nan suke. Na gigahaz 5 ya fi sauri, amma bangon siminti kan rage masa ƙarfi ƙwarai.

A gida mai sassa da yawa, rauta biyu ko uku masu aiki tare sun fi guda ɗaya mai tsada amfani. Kazalika a kan ɗora rauta a wuri mai tudu a tsakiyar gida, ba a lungu ko bayan talabijin ba.

Batun tsaro

Tsarin kulle na farko, wato WEP, masu bincike sun gano hanyar karya shi tun 2001. WPA2 ya fito a 2004, WPA3 kuma a 2018. Rautar da ba ta da aƙalla WPA2 ba abar saye ba ce.

Ko WPA2 ɗin ma, a 2017 wani mai bincike a jami'ar Leuven ta ƙasar Beljiyam, Mathy Vanhoef, ya gano wata ɓaraka a cikinsa. Ta hanyar sabunta manhaja aka toshe ta, abin da ke nufin cewa na'urorin da kamfanoninsu suka daina kula da su sun ci gaba da zama a buɗe.

Akwai kuma matsalar kalmar sirri. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin rautoci da kyamarori, ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga masana'anta. An yi amfani da su wajen kai harin da ya hana shiga shafuka irin su Twitter da Netflix a sassan Amurka. Tun watan Afrilun 2024 doka a Birtaniya ta hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri mai sauƙin cinka.

Saboda haka kalmomin sirri biyu ake canzawa a ranar farko: ta shiga Wi-Fi, da ta shiga shafin sarrafa rautar kanta.

Rumbun ajiya na gida

Rumbun ajiya, wanda ake taƙaita sunansa da NAS, ƙaramar kwamfuta ce mai ɗauke da faifan ajiya ɗaya ko fiye. Ana jona shi da rauta ta waya, ta yadda kowa a gidan zai iya ajiye hotuna da takardu da karatuttuka a wuri guda ba tare da ya ƙona data ba. Kamfanonin Synology da QNAP na Taiwan suna cikin waɗanda suka yi fice wajen ƙera shi.

A nan ne ramukan jona waya da ke bayan rauta suke da muhimmanci. Wasu rautoci masu araha ramukansu megabit 100 ne kawai. Da yake bit takwas ne ke yin bayit ɗaya, kwashe bayanai masu girman gigabayit 100 ta irin wannan rami zai ci fiye da sa'o'i biyu. Ta ramin gigabit kuwa, kimanin minti 15 ya isa.

Mai ƙaramin ƙarfi yana iya jona faifai a ramin USB na rauta, idan tana da shi. Hanya ce mai sauƙin kuɗi, sai dai ba ta kai rumbun sauri ba, kuma faifan ɗaya ne tak.

Faifai biyu ba su wadatar ba

Rumbu mai gurbin faifai biyu yana iya rubuta komai sau biyu, a tsarin da ake kira RAID 1. Idan faifai ɗaya ya mutu, ɗayan yana nan. Farashin hakan shi ne rabin wurin ajiya: faifai biyu masu terabayit 4 kowanne, terabayit 4 kawai za su bayar.

To amma wannan tsari ba ya maganin kuskure. Abin da aka share a faifai ɗaya, nan take ya gushe a ɗayan. Haka nan ba ya maganin gobara ko sata, ko manhajar garkuwa da bayanai irin DeadBolt, wadda a 2022 ta kulle rumbunan QNAP masu yawa da aka bar su a buɗe ga intanet, aka nemi masu su su biya kuɗin fansa.

Ƙa'idar da aka saba bi ita ce ta 3-2-1: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan nau'in ma'aji biyu daban-daban, ɗaya daga ciki kuma a wajen gidan. Faifan da ake kwafa a kansa duk wata a kai shi gidan ɗan'uwa ya cika sharaɗin ƙarshe.

Wuta da zafi

Inda ake yawan ɗauke wuta, rumbun ajiya yana cikin haɗari, domin yankewar lantarki yayin da faifai ke rubutu na iya lalata bayanai. Maganin shi ne batirin ko-ta-kwana na UPS. Yawancin rumbuna suna iya jonuwa da shi ta USB, su kashe kansu a tsanake kafin cajin ya ƙare.

Zafin bazara da ƙurar hunturu su ma abin lura ne. Rumbu yana buƙatar wurin da iska ke ratsawa, a kuma riƙa share ƙurar da ke taruwa a fankarsa.

Kafin a biya kuɗi, yana da kyau a leƙa shafin kamfanin a ga ranar da ya yi wa wannan samfurin sabuntawa ta ƙarshe. Idan an shekara biyu ko uku ba a taɓa shi ba, to arahar da aka gani a shago tana iya zama sanadin asarar abin da kuɗi ba ya dawo da shi.