Daga Ragar Magina Zuwa Jijiyar Zuciya: Tarihin Tantance Ƙirƙira da Darasinsa Ga Zangon Kwatano

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa riƙe tsohon kayan Faransa, kamar kwado ko fitila ko sikeli irin waɗanda ake gada a tsofaffin gidajen fatake na Zangon Kwatano, mai yiwuwa ya ga an zana masa "Breveté S.G.D.G." a jiki. Kalmar farko tana nufin hukuma ta ba mai kayan takardar mallakar ƙirƙira. Haruffa huɗun da ke biye da ita kuwa suna nufin gwamnati ba ta ɗauki lamunin komai ba. Wato an ba shi takarda, amma babu wanda ya bincika ko abin nasa sabo ne. Dokar Faransa ta 5 ga Yuli 1844 ce ta wajabta wannan rubutu, kuma ya ci gaba da bayyana a kan kaya har zuwa 1968.

Wannan darasi zai bi diddigin bambancin da ke tsakanin takardar da aka tantance da wadda aka yi wa rajista kawai. Misalin da za a ɗauka shi ne ƙaramar ragar ƙarfe da likitoci ke ɗorawa a kan siririn bututu, su kai ta cikin jijiyar jini da ta tsuke, su buɗe ta don ta tokare bangon jijiyar. Turawa na kiranta sitent, a nan kuwa za a kira ta ragar tokare. Samun kayan asibiti da aka yi shari'a a kansu kamar ta zai yi wuya, saboda haka tarihinta ya fi bayyana yadda aikin tantancewa yake. Daga nan sai a dawo Kwatano a ga irin tsarin da Jamhuriyar Benin da Nijar da Nijeriya suka gada.

Mene ne Tantancewa?

Takardar mallakar ƙirƙira ciniki ce tsakanin mutum da al'umma. Shi zai bayyana sirrin abin da ya ƙago dalla-dalla, ita kuma hukuma za ta hana kowa ƙerawa ko sayar da shi ba da izininsa ba na wani wa'adi, wanda a yau shekara 20 ne daga ranar shigar da takarda. Idan wa'adi ya cika, fasahar ta zama ta kowa.

Zuciyar takardar ita ce jerin da'awoyin da ke ƙarshenta, inda mai nema ke shata iyakar abin da yake cewa nasa ne, kamar yadda manomi ke kafa turaku a gefen gona. Aikin jami'in tantancewa shi ne ya auna waɗannan da'awoyi da tambayoyi uku. Shin abin sabo ne? Shin akwai basira a cikinsa wadda ta wuce abin da duk gwanin sana'ar zai iya hangowa? Shin ana iya ƙera shi a yi amfani da shi? Don ya amsa, sai ya tono tsofaffin takardu da mujallun masana. Amurka ta kafa wannan tsari tun 1836, Faransa kuwa ta zaɓi rajista ba bincike, ta bar wa kotu rabon gardama.

Daga Bututu Zuwa Balan-balan

A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura siririn bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya kuma ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. A lokacin an ɗauke shi mai ganganci, amma a 1956 ya samu rabo a kyautar Nobel. A 1964 Charles Dotter na Amurka ya yi amfani da bututu wajen buɗe toshewar jijiyar ƙafar wata tsohuwa da ta ƙi yarda a yanke mata ƙafa. Sannan a ranar 16 ga Satumba 1977, a birnin Zurich, Andreas Grüntzig ya kai bututu mai ɗan balan-balan a bakinsa cikin jijiyar zuciyar mutum yana farke, ya hura shi, hanya ta buɗe.

Sai dai da sauran rina a kaba. Jijiya nama ce mai rai. Wani lokaci takan rufe nan take bayan an zare balan-balan, kuma a wajen kusan kashi ɗaya cikin uku na marasa lafiya takan sake tsukewa cikin 'yan watanni. Abin da ake bukata shi ne matokarin da zai shiga a tsuke, ya buɗe a inda ake so, ya kuma zauna a buɗe.

Masana sun bi hanya biyu. Hans Wallstén, injiniya ɗan Suwidin, ya saƙa raga mai buɗe kanta da zarar an zare kuben da ya matse ta. Ita ce Jacques Puel a Toulouse da Ulrich Sigwart a Lausanne suka fara sa wa jijiyar zuciyar ɗan Adam a 1986. Hanya ta biyu ta Julio Palmaz ce, likita ɗan Ajantina da ya ji jawabin Grüntzig a New Orleans a 1978. Palmaz ya sha ba da labarin yadda ya tsinci guntun ragar ƙarfe irin ta magina a garejinsa, ya lura cewa farantin ƙarfe ne aka tsattsaga aka ja, tsagogin suka zama tagogi. Sai ya yi tunanin bututun ƙarfe mai tsagogi a tsaye, wanda balan-balan zai buɗa daga ciki har ƙarfen ya lanƙwashe, ya kasa komawa yadda yake.

Takardar Palmaz a Gaban Masu Tantancewa

Palmaz ya shigar da takardarsa a Amurka ranar 7 ga Nuwamba 1985, aka ba shi lamba 4,733,665 a watan Maris 1988. Wata takardar mai lamba 4,739,762 ta biyo baya a watan Afrilu na shekarar. Da shi da likitan zuciya Richard Schatz da wani mai gidajen abinci, Phil Romano, wanda ya zuba dala 250,000, suka ba kamfanin Johnson & Johnson izinin ƙerawa. A 1994 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince a sa ragar a jijiyar zuciya. A shekarar ne aka buga sakamakon manyan gwaje-gwaje biyu. A ɗaya daga ciki, sake tsukewar jijiya ya sauko daga kashi 32 cikin ɗari da balan-balan kaɗai zuwa kashi 22 da raga. Nan da nan kamfanin ya mamaye kusan kashi 90 cikin ɗari na kasuwar.

Inda riba ta yi yawa, masu neman kutsawa ba sa ƙaranci. Abokan hamayya suka shiga tonon tsofaffin takardu, kuma ofishin Amurka ya sake buɗe binciken takardun Palmaz. Babban abin da ya tsaya a gaba shi ne takardar wani likita, Robert Ersek, mai lamba 3,657,744 ta shekarar 1972. Ersek ya yi zobe na ragar ƙarfe tsattsagagge wanda ake buɗawa da wata na'ura lokacin tiyata, don ya kama bangon jijiya ya riƙe abin da aka dasa. Abin mamaki, irin ragar da ta zaburar da Palmaz ce wani ya riga ya kai ofis shekaru da dama kafin shi.

Don su tsira, masu takardar ta biyu sai suka matso da turakunsu ciki. Suka bayyana cewa ragar Ersek tana da sandunan da suka murɗe, gefensu ya fito waje don ya cije nama, saboda haka kaurin bangonta ya bambanta daga wuri zuwa wuri har ninki biyu. Tasu kuwa bangonta sumul yake, kaurinsa kusan ɗaya ne ko'ina, shi ya sa take iya tafiya cikin jijiya daga nesa ba tare da ta yage ta ba. Da wannan ƙarin sharaɗi takardar ta tsallake a 1998.

Amma kalmar da ta ceci mutum a ofis ita ce ake ɗaure shi da ita a kotu. A shari'ar da Cordis, reshen Johnson & Johnson, ya yi da Medtronic da Boston Scientific a jihar Delaware, gardama ta koma kan ma'anar "kusan ɗaya". Kotun farko ta ce bambancin kauri kada ya kai kashi ɗaya cikin dubu na inci, kuma wannan fassara ta ba abokin hamayya ƙofar fita. A 2003 kotun ɗaukaka ƙara ta ce babu inda masu takardar suka ɗaure kansu da wannan awo, abin da kawai suka sallama shi ne bango mai bambanci irin na Ersek. A 2008 aka yanke wa kamfanonin biyu biyan kimanin dala biliyan 1.2, alhali wa'adin takardar ya ƙare tun 2005. Sai a 2010 Boston Scientific ya amince da biyan dala biliyan 1.725 don rufe wasu shari'o'i uku na ragar tokare.

Abin lura a nan shi ne, da ba a yi tantancewa ba, da takardar ta ci gaba da mamaye filin da ba nata ba, har da abin da Ersek ya riga ya bayyana wa duniya. Bincike ya rage mata faɗi, ya kuma ƙara mata ƙarfi. Haka kuma duk abin da mai nema ya faɗa wa jami'i yana nan a rubuce, kowa na iya karantawa ya san inda zai taka.

Tsarin da Kwatano Ta Gada

Lokacin da Dahomey ta samu 'yanci a 1960, dokar Faransa ta 1844 ita ce madubinta. Ranar 13 ga Satumba 1962 ƙasashe 12 da Faransa ta yi wa mulkin mallaka, ciki har da Dahomey da Nijar, suka rattaba hannu a Libreville kan kafa ofishi guda. Ranar 2 ga Maris 1977, wata shida kafin aikin Grüntzig, yarjejeniyar Bangui ta maye gurbin waccan, ta haifi ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde. A lokacin Dahomey ta riga ta koma Benin tun 1975. Yau ƙungiyar na da ƙasashe 17, kuma takarda ɗaya da aka bayar a Yawunde tana aiki a dukansu, daga Kwatano har Maraɗi da Damagaram. An yi wa yarjejeniyar gyara a 1999 don ta dace da dokokin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wa'adi ya zama shekara 20. Ta kuma haramta ba da takarda a kan hanyar yi wa mutum tiyata ko magani. Ana iya mallakar ƙirar raga, amma ba a mallakar aikin hannun likita.

Shekaru da yawa abin da ofishin ya fi dubawa shi ne cikar takardu da biyan kuɗi. Ba ya tonon ko ƙirƙirar sabuwa ce. Sai gyaran da aka sa wa hannu a Bamako ranar 14 ga Disamba 2015, wanda ya fara aiki a Nuwamba 2020, ya tanadi cikakken bincike tare da ba wasu damar ƙalubalantar takarda. Nijeriya ba ta cikin wannan ƙungiya, amma dokarta ta 1970 tana kan turba irin ta da. Magatakarda na duba tsarin takarda, sannan a bayar bisa kasadar mai nema, ba tare da lamunin ingancinta ba. Ashe haruffa huɗun nan na jikin tsohon kwado ba su mutu ba, sun dai sauya riga.

Me Ya Shafi Mutumin Zango?

Zangon Kwatano ya daɗe yana masaukin 'yan kasuwar da ke saro kaya daga tashar jirgin ruwa, su bi da su ta Parakou da Malanville zuwa Gaya da ƙasar Hausa. Cikin kayan da ke ratsa wannan gari har da na asibiti, kamar robar fitsari da allurai da bututun ƙarin ruwa. Akwai darussa uku ga mai wannan ciniki da kuma ɗalibin da ke son fahimtarsa.

Na farko, takardar mallaka tana da iyakar ƙasa da ta lokaci. Takardar Amurka ba ta da iko a Kwatano, kuma ainihin fasahar Palmaz ta zama ta kowa tun 2005. Injiniyan da ke son koyo yana iya karanta ta kyauta a intanet, da zanenta da komai.

Na biyu, takardar da ba a tantance ba tana iya razana mutum alhali ba ta da tushe. Idan aka ce wa ɗan kasuwa kayansa sun keta haƙƙin wani, kafin ya janye sai ya tambaya: wace lamba ce, wane ofis ya bayar, ana biyan kuɗinta na shekara-shekara, kuma an bincike ta? Haka mai ƙirƙira na gida kada ya ruɗu da takardar da ke hannunsa, domin ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, kuma miyar takardar rajista a kotu take ƙarewa.

Na uku, kuma shi ne mafi nauyi, kalmar "breveté" a jikin kwali ba shaidar lafiya ba ce. Palmaz ya samu takardarsa a 1988, amma sai bayan shekara shida na gwaji aka yarda ragarsa ta shiga jijiyar zuciya a Amurka. Ofishin ƙirƙira yana tambaya ko abu sabo ne, hukumar magunguna ce ke tambaya ko zai cutar. Kwatano ta san illar sakaci a wannan fage. A nan ne aka yi kiran 12 ga Oktoba 2009 na yaƙi da jabun magunguna, wanda Jacques Chirac ya jagoranta, kuma a 2017 hukuma ta kai samame Adjégounlè, sashen masu magani na kasuwar Dantokpa.

Kammalawa

Tarihin ragar tokare ya nuna cewa darajar takarda tana ga binciken da aka yi kafin a buga mata hatimi. Ƙasashen OAPI sun rubuta wannan bincike cikin dokarsu, saura samar da masu yin sa, wato mutanen da suka san ƙarfe da jikin ɗan Adam da shari'a, waɗanda za su iya ajiye zane biyu su gane ko sanda ta murɗe ko tana kwance. Ɗaliban kimiyya na Zango da na ƙasar Hausa, musamman masu jin Faransanci da Ingilishi, suna da gurbi a wannan aiki in sun nema. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani.